Masu gina jirgin USS Growler a wasan kwamfuta na Stormworks, ku fara da goshi

Jama'a, ku fara gina rumbunan makamai masu linzami guda biyun nan na gaba, kafin sauran jiki.

Growler, jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka na 1958, a da yana ɗaukar makamai masu linzami huɗu samfurin Regulus a cikin rumbunan. A wasan, duk rufaffen ɗaki iska ce, sai ya ɗaga goshin jirgi, wutsiya ta nutse. Ku jera tubalan nauyi a ƙarƙashin rumbunan, ku gwada a ruwa tun jirgin na ƙwarangwal. Tankin ruwan gaba daban, na baya daban, kowanne da famfonsa.

Kada ku wahala wajen harbi daga ƙarƙashin ruwa, shi ma na gaskiyan a zamaninsa sai ya taso yake harbawa.

Amma da kun harba, goshi zai yi sauƙi. Tubalan ba za su gyara wannan ba, sai kun ƙara ruwa a tankin gaba.