Yadda Za Ka Gano Tushen Fushin Da Ya Fi Ƙarfinka, Ka Nemi Magani

Kowa yana fushi. Wanda ake magana a kai a nan shi ne irin wanda idan ya taso, mutum ba ya iya riƙe hannunsa ko bakinsa: ya rotsa waya da bango, ya mari yaro don ya zubar da ruwa, ya saki matarsa da daddare, da safe ya fita neman malamin da zai ba shi fatawa. Mai irin wannan yakan ce "haka Allah ya yi ni", ko "zuciyar gidanmu ce". Wannan maganar ce ke hana mutane da yawa samun sauƙi, alhali abin yana da tushe kuma yana da magani.

Fara da rubutu. Sami ɗan littafi. Duk lokacin da ka hasala, bayan ka huce, rubuta me ya faru, da wa, da ƙarfe nawa, da abin da ka raya a ranka kafin ka fashe. Ƙara da ko ka yi barci a daren jiya, ko ka ci abinci, ko ka sha wani abu. Cikin mako biyu ko uku za ka ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Wani zai tarar kullum sai an taɓo maganar kuɗi. Wani kuma sai ya ji kamar an raina shi a gaban mutane.

Na biyu, koyi alamun jikinka. Kafin baki ya buɗe, jiki ya riga ya saki sinadarin adirenalin: zuciya na bugawa da sauri, wuya ya yi zafi, haƙora a cije, hannu na rawa. Da ka ji haka, ce wa abokin maganarka "bari in dawo", ka bar wurin na kamar minti 20 zuwa 30. Kada ka hau babur ko mota a wannan hali. Koyarwar Manzon Allah (SAW) cewa mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, tana ba jiki wannan lokacin da yake bukata.

Wannan kashe gobara ne kawai. Aiki na uku shi ne gano inda wutar ke tasowa, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Ciwon damuwa a wurin maza sau da yawa ba ya zuwa da kuka; da faɗa da ƙunci yake zuwa, tare da rashin barci da fita sha'awar komai. Wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga a Zamfara ko Katsina, ko rikicin Boko Haram a Borno, zai iya zama mai firgita da saurin harzuƙa shekaru bayan abin ya wuce. Wanda aka rena da duka yakan girma bai san wata hanyar warware saɓani ba. Tiramadol, kodin, wiwi da giya suna raunana ikon riƙe kai, haka ma ƙishirwarsu idan aka rasa. Akwai kuma sababin da ke cikin jiki: buguwa a kai bayan haɗari, farfaɗiya, ko yawan aikin ƙwayar tayirod ta wuya. Idan kuwa fushin yana zuwa da kwanaki ba barci, yawan surutu da ɓarnar kuɗi, sannan a koma ƙunci, wannan na bukatar likita da gaggawa. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti. Kada a shekara ana cewa iska ce, ciwo na ƙaruwa.

Na huɗu, je asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A Nijar, Babban Asibitin Yamai yana da wannan sashe. Zuwa can ba ya nufin hauka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare mutuncin majinyaci da sirrinsa. Tafi da littafinka, da wani na kusa da ya ga yadda kake idan ka tashi, kuma kada ka ɓoye wa likita duka ko shaye-shaye.

Maganin da aka fi amfani da shi zaman tattaunawa ne da masanin halayyar ɗan'adam, zaman da ake kira CBT, yawanci sau ɗaya a mako na tsawon wasu watanni. A ciki ake koya maka kama tunani irin "da gangan ya yi mini" ka auna shi kafin ka bi shi, da yadda za ka faɗi ɓacin ranka ba tare da zagi ba. Idan likita ya haɗa da ƙwaya, irin fuluzetin, takan ɗauki makonni kafin ta fara aiki. Kada ka yanke ta da kanka, kuma kada ka sayi maganin barci a kemis da sunan kwantar da hankali.

Idan abin ya kai ga duka ko ɗaukar makami, tsaron iyali ya riga komai. A fitar da wuƙa da adda daga ɗaki, matar da yara su koma wurin dangi har a fara magani, in kuma rai na cikin haɗari a Nijeriya a kira 112.