Yadda ake tara kwandalolin azurfa masu hoton shaho da gaggafa ba tare da an sayar maka da jabu ba

Kuɗin da ake biya a kan kwandalar azurfa kashi biyu ne. Akwai kuɗin azurfar da ke jikinta, wanda kasuwar duniya ke yanke wa farashi kullum. Akwai kuma ƙarin da ake ɗorawa saboda zanenta, da shekarar da aka buga ta, da lafiyar fuskarta. Kashi na farko sikeli ne ke tabbatar maka da shi. Na biyu kuwa yatsa guda mai gumi ya isa ya zaftare shi. Duk matakan da ke ƙasa, kare waɗannan biyun suke yi.

Mataki na farko: zaɓi jeri guda ka tsaya a kansa

Wanda ya shigo harkar yana sayen duk abin da ya ga yana ƙyalli, zai wayi gari da tarkacen da ba su haɗa komai ba. Masu tarawa jeri suke bi, kuma cikakken jeri ya fi saurin samun mai saye.

A ganina babu wurin farawa da ya kai jerin Birds of Prey na gidan buga kuɗin Kanada, wato Royal Canadian Mint, domin kwandaloli huɗu ne kacal. A 2014 aka fitar da biyu: shahon nan da ya fi kowane tsuntsu gudu, wanda kan wuce kilomita 300 a awa idan ya sulmiyo kan abin farauta, sai gaggafa mai farin kai. A 2015 aka ƙara shaho mai jan wutsiya da babbar mujiya mai tukkaye biyu kamar ƙaho. Emily Damstra ce ta zana dukkansu. Kowace tana da nauyin oza ɗaya, wato giram 31.1, tsarkin azurfarta 9999 cikin 10,000, faɗinta milimita 38, an rubuta mata dala 5 ta Kanada, ɗaya fuskar kuma hoton Sarauniya Elizabeth ta Biyu ne. An ƙayyade bugun kowace a miliyan ɗaya, saboda haka ba ta yi wuyar da za ta gagari mai farawa ba.

Idan kana son jerin da ba ya ƙarewa, akwai American Silver Eagle da Amurka ke bugawa kowace shekara tun 1986. Tsarkinta 999 cikin 1,000, faɗinta milimita 40.6. Zanen gaggafar bayanta na John Mercanti ne har zuwa 2021, lokacin da aka canza zuwa gaggafa mai shirin sauka riƙe da reshe, shi ma zanen Emily Damstra. A wannan shekarar an buga tsoho da sabo duka, don haka mai cika jeri yana buƙatar biyu. Shi Mercanti kuma shi ya zana wa Perth Mint ta Ostareliya gaggafarsu da suka fara fitarwa a 2014.

Kafin ka nemi na ƙetare, leƙa adakar tsofaffin gidanku. Liyari, kuɗin azurfar Ostiriya mai hoton Maria Theresa, ya daɗe yana yawo a kasuwannin Kano da Borno, maƙera kuma sun narka da yawa sun yi mundaye da zobba. A bayansa gaggafa ce mai kai biyu. Nauyinsa giram 28 da 'yan kai, tsarkinsa 833 cikin 1,000. Kada shekarar 1780 da ke jikinsa ta ruɗe ka, an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu.

Mataki na biyu: yi lissafi kafin ka yi ciniki

Ozar azurfa giram 31.1 ce, ta fi ozar da ake auna kayan abinci da ita. Dala 5 da aka rubuta a jikin kwandalar ba ta da alaƙa da farashinta. Ka duba farashin oza ɗaya na ranar a intanet, ka mayar da shi naira ko sefa da canjin da za ka samu dala a zahiri, sannan ka cire daga abin da mai sayarwa ya faɗa. Abin da ya rage shi ne ƙarin, kuma a kansa ake ciniki.

Kwandalar nan iri biyu ce. Akwai ta jari, wadda ake bugawa da yawa, ƙarinta kaɗan ne. Akwai ta musamman da ake kira furuf, filinta na sheƙi kamar madubi, tana zuwa a akwati da takardar shaida, ƙarinta mai yawa. Mai farawa ya tsaya a ta jari. Ka kuma guji waɗanda wasu kamfanoni ke saya su shafa musu launi ko ruwan zinare su ninka kuɗi. Ranar sayarwa yawanci kuɗin azurfar kawai za a ba ka.

Farashin azurfa yana da rawa. A 2011 oza ta kusa dala 50, zuwa ƙarshen 2015 ta faɗo wajen dala 14. Kada ka zuba kuɗin haya ko na makarantar yara a ciki.

Mataki na uku: wurin saye

Gidan buga kuɗin Amurka ba ya sayar wa ɗaiɗaikun mutane kwandalar jari kai tsaye, sai ta hannun manyan dillalan da ya amince da su. Saboda haka dillali za ka nema, wanda ya daɗe a harkar, yake ba da rasit, yake karɓar kaya idan an dawo da su. Ka tambaya tun farko ko yana aikowa ƙasarku, nawa ne kuɗin aike da inshora, me kwastan za su karɓa. Sau da yawa ya fi sauƙi ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya ya sayo maka.

Doka ɗaya ba ta da togaciya: duk wanda ya yi maka tayin kwandalar oza ɗaya ƙasa da farashin azurfa na ranar, jabu ce ko ta sata. Babu mai sayar da naira dubu a ɗari takwas. Shafukan sada zumunta cike suke da irin wannan tallar.

Akwai kuma batun addini. A shari'a, cinikin zinare da azurfa hannu da hannu ake yi, babu jinkiri, shi ya sa malamai suke da bayani a kan sayensu ta intanet. Ka ji ta bakin malaminka kafin ka tura kuɗi.

Mataki na huɗu: gwaji

Nan ne aikin yake. Kayan aikin ba su da tsada: ƙaramin sikeli mai nuna giram har da lamba biyu bayan ɗigo, ma'aunin faɗi da kauri irin na makanikai, mayen ƙarfe mai ƙarfi irin na niyodimiyam, da madubin ƙara girma na maƙeran zinare.

Fara da ido. Tsuntsun ya dace da shekarar? Mujiyar Kanada da aka rubuta wa 2014 ƙarya ce, haka Silver Eagle mai shekara kafin 1986. Sa madubi ka dubi gashin fiffike da faratan tsuntsun. A ta gaske kowane gashi yana fita daban, bakin haruffa a tsaye yake tsaf. A jabu za ka ga gashin ya cakuɗe, haruffan sun yi kumburi, wani lokaci da ƙananan ƙuraje a filin. Juya ta ka dubi tsage-tsagen gefe, su zama daidai wa daida. Sabuwar Silver Eagle ta 2021 zuwa yanzu tana da gurbi guda a gefen, da gangan aka bar shi don maganin masu jabu, kada ka ɗauka lahani ne.

Sai sikeli. Nauyin kwandalar oza ɗaya ya tsaya a giram 31.1 ko ya ɗara da ɗan kaɗan. Idan ka ga 29 ko 30, an gama magana. Amma masu jabu sun iya cika nauyi, don haka dole ka haɗa da awon faɗi da kauri. Dalili shi ne tagulla ta fi azurfa sakayau. Kafin kwandalar tagulla da aka yi wa ruwan azurfa ta kai giram 31.1, sai ta fi ta gaske kauri ko faɗi. Silver Eagle kaurinta bai kai milimita 3 cif ba, 2.98 ne. Idan nauyi ya yi daidai amma kaurin ya zarce, mayar masa da kayansa.

Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa. Idan ya manne, ƙarfe ne a ciki. Karkata kwandalar ka ɗora shi a sama ka saki: a kan azurfa zai gangaro a hankali kamar ana riƙe shi. Sai dai tagulla ma tana rage masa gudu, don haka wannan gwajin kore jabu yake yi, ba ya tabbatar da ta gaske. Ka sa siririyar leda tsakaninsu kada ya karce fuskar.

Gwajin ruwa ya fi su duka ƙarfi a cikin waɗanda za a iya yi a gida. Ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifiri. Ɗaure kwandalar da zare, ka nutsar da ita gaba ɗaya ba tare da ta taɓa gindi ko gefen kofin ba. Sikelin zai nuna wajen giram 2.97. Raba nauyinta da wannan adadin, amsar ta faɗo kusa da 10.49. Tagulla za ta ba ka wajen 8.96, dalma kuma 11.34. Bayan ka gama, ka tsane ta da auduga ta hanyar dannawa, ba gogawa ba. Kwandalar furuf kam ba a jiƙa ta.

Wasu suna ɗora ta a kan yatsa su ɗan buga gefen su saurari amo, azurfa takan yi doguwar ƙara mai zaƙi. Yana aiki ga kunnen da ya saba. Abin da ba zan yarda a yi wa kwandalata ba shi ne a goga ta a dutse a ɗiga asid, yadda ake gwada sarƙa. Zai nuna azurfa ce, amma ya kashe ƙarin. Idan kana shakka, manyan masu sayar da zinare wasu suna da na'urar da ke karanta ƙarfe ba tare da ta taɓa shi ba.

Za ka kuma ci karo da waɗanda kamfanonin NGC ko PCGS suka tantance suka rufe a kwanso da lamba. Makinsu daga 1 zuwa 70 ne. Kwanson ma ana yin jabunsa, don haka ka shigar da lambar a shafin kamfanin ka tabbatar da bayanin ya dace da abin da ke hannunka.

Mataki na biyar: ajiya

Kama ta a gefe, da safar hannu ta auduga ko da hannun da aka wanke ya bushe. Kowace ta shiga kwanson robarta mai tauri daidai girmanta, na Kanada milimita 38, na Amurka ya fi faɗi. Kada ka sa ta a leda mai laushi irin ta PVC, da daɗewa takan bar kore-kore mai danƙo. Ka nisanta ta da robar ɗaure kuɗi, da jarida, da hayaƙin turaren wuta. Sinadarin farar wuta ne ke sa azurfa baƙi, kuma akwai shi a roba da wasu takardu. Da damina ka jefa 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ke zuwa a kwalin takalmi cikin akwatin. Da hunturu kada ka share ƙura da tsumma, ƙurar ce za ta karce ta.

Kada ka wanke ta. Toka da lemun tsami da man goge baki da ake wanke awarwaro da su, a kan kwandala ɓarna ce. Duhun da shekaru suka kawo ba ya damun masu tarawa, wasu ma sonsa suke. Karcen gogewa kuwa madubi ba ya ɓoye shi.

Kwandalolin Kanada na wajen 2014 da 2015 sun shahara da fararen tabo kamar an ɗiga madara. Daga wajen bugu abin ya samo asali, kuma sai a 2018 gidan bugun ya fito da hanyar rage shi da ya kira MintShield. Tabon ba alamar jabu ba ne, ba ya rage azurfar, amma yana rage ƙarin. Ka nemi ragi idan ka gan shi, kada kuma ka yi ƙoƙarin kankare shi.

Mataki na shida: rubutu, zakka da sayarwa

Ka riƙe littafi: ranar saye, wurin wa, nawa ka biya, farashin oza a ranar, da nauyin da ka auna. Ka ɗauki hoton fuska biyu. Kada ka yi ta nuna wa jama'a inda kake ajiyewa.

Littafin zai yi maka amfani wajen zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595. Kwandala 19 ba su kai ba, 20 sun wuce. Idan shekara ta zagayo a kansu ana fitar da ɗaya cikin arba'in, kuma ana haɗa lissafin da sauran kuɗin da kake da su.

Ranar sayarwa, ka san wa kake kai wa. Maƙeri zai ɗora a sikeli ya biya kuɗin nauyi, ya ɗan rage ribarsa, domin shi narkawa zai yi. Mai tarawa ko dillalin kwandaloli ne kaɗai ke biyan kuɗin tsuntsun. Ka kai musu huɗun nan na Kanada a haɗe, kowace a kwansonta, da rasit a hannu, kuma ka ji tayin mutum biyu ko uku kafin ka sallama.