Yadda Ake Gwajin Jinotaif Kafin Aure da Yadda Ake Karanta Sakamakonsa

Abu na farko da ya kamata masu niyyar aure su tsayar shi ne lokacin da za a yi gwajin jinotaif, wato gwajin jinin da ke nuna ko za su iya haifar mai ciwon sikila, domin a Katsina da Daura an fi tunawa da shi bayan an sa rana, an kai lefe, dangi na nesa sun fara shirin tahowa biki, a lokacin da janyewa ta zama abin kunya ga gidaje biyu. Lokacin da ya dace shi ne kafin manya su shiga maganar, tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba. Abin da ya fi wannan ma shi ne kowane saurayi da kowace budurwa su san jinotaif ɗinsu tun suna makarantar sakandare, tunda abu ne da ba ya canzawa daga haihuwa har mutuwa.

Kafin a je asibiti yana da kyau a fahimci abin da ake nema a cikin jinin. Kowane mutum yana da kuromosom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikinsa, ya gaji 23 daga uwa, 23 daga uba. A kan kuromosom na 11 akwai ƙwayar gado da masana ke kira HBB, wadda ke ɗauke da umarnin haɗa wani sashe na himoglobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai kai iskar numfashi ga sassan jiki. Kwafi biyu na wannan ƙwayar gado kowa ke da su, ɗaya daga kowane mahaifi, kuma su ne haruffa biyun da ake rubutawa a takardar sakamako. Harafin A yana nufin himoglobin da aka saba da shi. S kuwa nau'i ne da ya sauya a wuri ɗaya tak, inda sinadarin balin ya maye gurbin gulutamik asid a matsayi na 6 na jerin sinadaran da suka haɗa wancan sashe, kamar yadda Vernon Ingram ya gano a Ingila a tsakiyar shekarun 1950, bayan Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa matsalar a cikin himoglobin ɗin take. Wannan ɗan sauyin shi ke sa ƙwayar jinin ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi ƙaranci, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. Daga nan ne ciwon ƙashi da ƙarancin jini da shawarar da ake gani a idon mai sikila suke fitowa.

Idan an isa ɗakin gwaji, a faɗi abin da ake so a fili: jinotaif, ba rukunin jini ba. Mutane da yawa suna haɗa su, har ka ji an tambayi mutum jinotaif ɗinsa ya ce shi O ne, alhali rukunin jini batu ne na ƙarin jini da renon ciki, kuma A ɗin da ke cikinsa ba shi da dangantaka da A na himoglobin. Sannan a tambayi irin gwajin da za a yi. Akwai na gaggawa wanda kawai yake nuna ko akwai S a jini, ba ya bambance AS da SS, ba ya kuma ganin C, wani nau'in himoglobin da shi ma ya sauya, don haka bai isa a gina aure a kansa ba. Wanda ake buƙata shi ne elektiroforesis, wanda ke rarrabe nau'o'in himoglobin da ƙarfin lantarki, ko kuma wani gwajin na'ura da ake kira HPLC, wanda ya fi shi fayyacewa domin yana ba da adadin kowane nau'i. Wanda ya sami dama ya nufi babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ya tambayi wanne daga cikin biyun ake yi.

Lallai ne a gaya wa ma'aikacin idan an yi wa mutum ƙarin jini cikin watanni ukun da suka wuce, saboda jinin da aka ƙara yana iya sa mai SS ya fito kamar AS. A ganina gwaji ɗaya bai wadatar ba a magana mai nauyi irin wannan. A maimaita shi a wani ɗakin gwajin daban, kuma masu neman auren su je tare, ko da rakiyar wakili daga kowane gida, a karɓi takardar hannu da hannu, a duba suna da kwanan wata da hatimi. Wannan ba rashin yarda ba ne, hanya ce ta rufe ƙofar zargi a gaba.

Da takardu biyu a hannu, sai lissafi. A zana murabba'i a raba shi gida huɗu, a rubuta haruffan namiji biyu a sama, na mace biyu a gefe, sannan a cika kowane gida da harafin da ke samansa da wanda ke gefensa. Idan AA ne da AS, gidaje biyu za su fito AA, biyu AS, babu sikila. AA da SS duk 'ya'yansu AS ne. AS da AS suna ba da AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. AS da SS kuwa rabi AS ne, rabi SS. Wannan ƙa'idar rabuwar gado ita ce Gregor Mendel ya wallafa a 1866 bayan gwaje-gwajensa a kan shukar wani nau'in wake.

A nan ne aka fi yin kuskuren fahimta. Ɗaya cikin huɗu ba ya nufin idan an haifi 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai zo da ciwon, ba ya kuma nufin wanda ya haifi mai sikila a fari ya tsira a haihuwa uku masu zuwa. Kowane ciki lissafinsa sabo ne. Mai son ya nuna wa iyaye wannan a zaure sai ya samo ƙwarya biyu, ya sa farin wake ɗaya a matsayin A da ja ɗaya a matsayin S a kowacce, ya rufe ido ya zaro ɗaya daga nan ɗaya daga can, ya rubuta abin da ya fito, ya mayar da su ya sake. Zai ga wani lokaci ja da ja sun fito sau biyu a jere, wani lokaci kuma a daɗe ba su haɗu ba. Shi ya sa hujjar nan ta cewa wane da wance AS ne dukansu amma 'ya'yansu huɗu lafiya lau ba ta rushe komai, domin lissafi ya nuna hakan na faruwa a kusan kashi 32 cikin 100 na irin waɗannan gidaje, sauran kuwa suna samun aƙalla ɗa ɗaya mai ciwon.

Kada a raina harafin C idan ya bayyana. Mai AC lafiyarsa ƙalau, amma idan ya auri AS akwai ɗaya cikin huɗu na haifar SC, wanda shi ma nau'in sikila ne, ko da yake yawanci bai kai SS tsanani ba. Haka nan a sani cewa yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa da uba duka, saboda haka ɗora wa mace laifi ita kaɗai, kamar yadda ake yi a wasu gidaje, zalunci ne da ilimi bai goyi bayansa ba. AS kuma ba cuta ba ce. Anthony Allison ya nuna a 1954 a Gabashin Afirka cewa masu shi suna da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana dalilin yawaitarsa a ƙasashenmu, inda a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da S.

Inda auren zumunci ne, a ƙara da bin tarihin dangi. A zauna da tsofaffin gida a tambayi ko an yi yaran da suka rasu da ƙuruciya bayan fama da kumburin hannu da ƙafa ko yawan ƙarin jini, ko waɗanda aka haifa da kurumta, a rubuta a kai wa likita, domin 'ya'yan wa da ƙani suna tarayya a kimanin kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, kuma gwajin jinotaif himoglobin kaɗai yake dubawa.

Idan sakamako ya nuna haɗari, hukunci na masu auren ne da waliyyansu, amma su ji bayanin likita tukuna, su kuma ga yadda mai sikila ke kwana a lokacin hunturu kafin su ce za su iya. Waɗanda suka riga suka yi aure kuwa aikinsu shi ne gwada kowane jariri da wuri. Jariri yana zuwa da himoglobin na cikin mahaifa wanda ke ɓoye alamun ciwon har wajen wata shida, don haka a nemi HPLC ko a maimaita gwajin bayan wannan lokacin. Idan ya tabbata SS ne, a yi masa rajista a asibitin masu sikila, a kiyaye rigakafi da gidan sauro da yawan shan ruwa, a kuma tambayi likita game da haidiroksiyuriya, maganin da ke ƙara yawan wancan himoglobin na jarirai ya rage yawan tashin ciwon.