Yadda Ake Lissafin Kalori na Abincin Kyanwa a Kullum

Da farko, a hau ma'auni riƙe da kyanwar, sannan a sake hawa ba tare da ita ba. Bambancin shi ne nauyinta.

Na biyu, idan ta kai kilo 2, a ninka nauyin sau 30, a ƙara 70. Kyanwa mai kilo 4 za ta ba da kalori 190 (kalori ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci ne), wato abin da jikinta ke ƙonawa a kullum tana kwance.

Na uku, ga kyanwar da ta gama girma, a ninka wannan adadi da 1.4, ko da 1.2 idan an yi mata aikin hana haihuwa; kyanwa mai kilo 4 da aka yi wa aikin za ta buƙaci kalori 228 a kullum.

A raba abincin safe da yamma. Ragowar tuwo da muke zuba mata a gidajen Katsina ba ya isarta, domin jikinta nama da kifi yake buƙata.