Yadda Ake Farfaɗo da Kurmi da Dausayin Cikin Birni

Filin da ya tsira daga gine-gine a cikin birni, ko bakin rafi ne, ko dausayi, ko ɗan kurmi, ba dashen itatuwa yake fara buƙata ba. Aikin farko shi ne a gano abin da ke kashe shi, domin duk dashen da aka yi alhali ana ci gaba da zubar da shara, ko ɗibar yashi, ko sakin ruwan kwata a wurin, asara ce kawai. A karɓi izini a rubuce daga hukumar da filin ke hannunta, a san iyakarsa, sannan a zagaya shi da damina da kuma rani, a lura da inda ruwa ke kwanciya, da inda ƙasa ke zaizayewa, da tsirran da suka jure.

Bayan an kwashe shara, sai a koma kan baƙin tsirrai masu mamaye wuri. A tuge su har saiwa kafin su zubar da iri, amma kada a bar ƙasa tsirara, domin su ne ke fara dawowa inda babu rufi. Kututturen itatuwan asalin wurin kuwa kada a taɓa su. Mai rai a cikinsu yakan yi toho, kuma da yake saiwarsa ta riga ta yi nisa, yakan riga sabon dashe girma idan aka bar toho biyu ko uku mafi ƙarfi aka sassabe sauran.

Inda babu abin da zai tofo, nan ne ake dashe, kuma a farkon damina, da ire-iren itatuwan da yankin ya saba da su. Akwai tsarin da masanin tsirrai ɗan Japan, Akira Miyawaki, ya yaɗa tun shekarun 1970, inda ake cakuɗa iri daban-daban, kusan tsiro uku a kowace murabba'in mita, don gasar neman haske ta sa su miƙe da sauri. A ganina ya dace da ƙaramin fili, sai dai yana cin kuɗi da aiki, kuma bai kamata a mai da dausayi ko filin ciyawa kurmi da ƙarfi ba, tunda kowannensu yana da tsuntsaye da ƙwarin da ke rayuwa da shi.

Yawancin ayyukan nan bayan ranar dashe suke mutuwa. A rufe gindin kowane tsiro da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 10 ba tare da ta taɓa jikinsa ba, a riƙa ba shi ruwa mai ratsa ƙasa da cire ciyawa har shekara biyu zuwa uku, a kewaye wurin da shinge, a fitar wa masu yawo hanya guda don kada takawa ta daddale ƙasa. Gungumen da ya faɗi, muddin bai tare hanya ba, a bar shi ya ruɓe a nan. Tun kafin a dasa tsiro na farko a rubuta sunayen masu ban-ruwa da ranakunsu, sannan a riƙa ɗaukar hoto daga wuri ɗaya kowace shekara, a ƙirga waɗanda suka rayu, a maye gurbin matattun idan damina ta kama.