Yadda ake lissafin kwaltar da aikin shimfiɗa zai ci

Kafin a ɗauki igiyar awo, sai a fara tantance abin da ake nufi da kwalta, domin kalmar tana da ma'ana biyu a bakin mutanenmu. Akwai baƙar kwaltar ganga, akwai kuma haɗin tsakuwa da yashi da kwalta wanda ake shimfiɗawa da zafinsa, wanda ma'aikatan hanya a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, suke kira anrobe. Kwaltar ganga ba ta wuce kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na nauyin haɗin ba, kuma haɗin ne ake saye da tan.

Mu ɗauki misalin mai gidan man fetur da yake son shimfiɗa mashigar motoci mai tsawon mita 40 da faɗin mita 6. Idan aka ninka tsawo da faɗi, girman wurin ya zama murabba'in mita 240. Idan kaurin da ake so santimita 5 ne, wato mita 0.05, sai a ninka, a samu kubik mita 12. Kubik mita ɗaya na haɗin da aka daɓe yana da nauyin kusan tan 2.4, saboda haka aikin zai ci tan 28.8. Wanda ba ya son dogon lissafi ya riƙe cewa kowane santimita ɗaya na kauri a kan murabba'in mita ɗaya yana cin kilo 24. Idan filin ba shi da tsari, a yanka shi gida-gida a takarda, a auna kowane gida daban, sannan a haɗa.

Kaurin da ake magana a kai shi ne na bayan daɓe. Abin da aka zuba yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan rola ta bi ta kansa, don haka mai son santimita 5 sai ya zuba fiye da 6. Ya kamata a rubuta wannan a yarjejeniya da ɗan kwangila, domin a nan rigima take yawan tashi.

Inda lissafi ya fi rushewa shi ne ƙasan da za a shimfiɗa a kai. Idan jar ƙasar da aka daɓe tana da kwari da tudu, kwalta ce za ta cike ramukan, kuma ƙarin santimita ɗaya kacal a wancan filin tan 5.76 ne. A ja igiya daga gefe zuwa gefe, a sa ma'auni a ƙarƙashinta kowane mita biyar, za a ga inda ƙasa ta lotsa. Cike kwari da jar ƙasa ya fi cike shi da kwalta arha nesa ba kusa ba. A yankunan baƙar ƙasar karal, daga Marwa zuwa Kusiri, wadda take kumbura da damina ta tsage da rani, ƙara kaurin kwalta ba ya magani sai an gyara tushe.

Bayan haka a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 saboda abin da yake maƙalewa a bayan tifa da wanda yake zubewa a gefuna. Mai gidan man zai yi odar tan 31 ke nan. Ya tambayi nauyin da kowace tifa take ɗauka, ya kuma nemi takardar sikeli, sannan a lulluɓe lodin da tamfol, domin haɗin da ya huce a hanya ba ya daɓuwa.