Darasi na 7: Yadda Ake Tantance Ƙaguwa da Jatan Lande

Mai su a Yawuri ko Argungu yakan ɗago homa ya tarar da halittun da ba kifi ba. Kafin ku sa wa abu suna, ku ƙirga ƙafafunsa. Ƙaguwa da jatan lande ƙafa goma gare su, biyar kowane gefe, ga ɓawo mai tauri ya rufe jiki. In kun ga ƙafa shida, ƙwaron ruwa ne, ba ya cikin wannan dangi.

Ƙaguwa

Ku kama ta da babban yatsa da manuniya daga baya, inda hannuwanta ba sa kaiwa. Ƙafafu biyun gaba su ne hannuwan, masu kama da awartaki, sauran takwas na tafiya ne. Wani lokaci za ku ƙirga ku samu tara ko takwas. Ba wani iri ba ne daban: ƙaguwa kan yar da ƙafa in ta ji an riƙe ta, sabuwa ta tsiro bayan ta yi saɓa.

Yanzu ku kifar da ita rigingine. Akwai wani murfi da ya lanƙwaso ya manne a ƙirji. Na namiji siriri ne mai tsini, na mace faffaɗa mai zagaye, ya kusa rufe ƙirjin duka. A ƙarƙashinsa take riƙe ƙwai. Ƙwan ƙaguwar kogi manya ne, ba su kai yawan na ta teku ba, kuma in sun ƙyanƙyashe 'yan ƙaguwa ne cikakku suke fitowa, su zauna jikin uwa na ɗan lokaci. Wadda kuka samu da ƙwai ko 'ya'ya, ku mayar da ita ruwa.

Yawancin ƙaguwar kogunan Najeriya masana sun sa su a jinsin da ake kira Sudanonautes. Ga alamarsa: ku bi gefen ɓawo daga kusurwar ido zuwa baya, za ku ga haƙori a kusurwar, wani ɗan ƙarami a tsakiya, sannan na uku. Wannan na tsakiyar shi ke raba shi da jinsin Potamonautes, wanda ba shi da shi. Akwai kuma wani layi mai tudu da ya ratsa ɓawon a bayan idanu.

Kada launi ya ruɗe ku. Laka, shekaru da saɓa duk suna sauya shi, shi ya sa masana ba sa dogara da shi. Abin da suke dubawa shi ne wasu tsinkaye biyu-biyu da ke ƙarƙashin murfin namiji baligi, don kowane iri da yadda nasa suka lanƙwasa. Saboda haka in malamin gona ko na kiwon kifi ya nemi samfur, namiji babba za ku kai. Ku auna faɗin ɓawo a inda ya fi faɗi, ku sa shi a kwalba da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, ku jefa takarda mai ɗauke da sunan wuri da kwanan wata. Da fensir za ku rubuta, don sifirit yana wanke tawadar biro.

Jatan lande

Shi jikinsa dogo ne, wutsiyar a miƙe, ga dogayen gashin baki. Mai hannuwa biyu dogaye sosai da ƙaho mai haƙora a goshi, Macrobrachium ne. Manyan ire-irensa sai a ruwa mai ɗan gishiri na bakin teku 'ya'yansu ke rayuwa kafin su hauro, kuma madatsa irin ta Kainji, da aka kammala a 1968, tana tare hanya. Mai kauri da ke maƙale a duwatsu inda ruwa ke gudu, wanda ƙafafunsa na gaba ke da tuntun gashi na tace abinci, Atya ne. Ƙananan cikin ciyawa kuwa, da ba su wuce santimita 3 ba, galibi Caridina ne, ba 'ya'yan manyan ba.

Kafin a ci

A mazhabar Malikiyya halal ne, amma a dafa sosai. Ɗanyar ƙaguwa, ko wadda aka babbaka sama-sama, tana iya ɗauke da tsutsar da ke shiga huhu. An fi samun cutar a kudu maso gabashin Najeriya. Tana sa tari da jini har a ɗauka tarin fuka ne, a yi ta shan maganin da ba zai yi aiki ba. Mai irin wannan tari ya gaya wa likita in ya taɓa cin ƙaguwa. A wanke wuƙa da hannu da sabulu bayan an gyara ta.

Aikin gida

1. Ku zana ƙirjin namiji da na mace, ku rubuta suna ƙarƙashin kowanne.
2. Me ya sa ake rubuta takardar kwalba da fensir?